Gurbin Turai a Gindin Tsamiya

Ranar da aka fara jifa a gidan Malam Isyaku Laraba ce, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku. Rana ta yi sanyi, kaji suna kai-komo a gindin rumbu suna neman makwanci. Bahijja, 'yarsa tilo, tana durƙushe a tsakar gida tana wanke buroshi a cikin tsohon gwangwanin madara. Shi kuwa yana zaune a baranda, fuskarsa na kallon bango, inda ya saba zama tun da matarsa Turai ta rasu. Ladan na ɗaga murya don kiran magariba sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ƙwal! Na biyu ya biyo baya. Na uku ya gangaro ya faɗi a gaban yarinyar. Ba dutse ba ne. Dunƙulen jar ƙasa ne da danshinsa, alhali kuwa rabon Ƙaraye da ruwan sama an yi wata biyu.

"Baba, ana jifan mu."

"Yara ne," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

Duk unguwar an san gidan da zane. Malam Isyaku tsohon ma'aikacin safiyo ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana taswirar gonakin mutane. Da ya ajiye aiki, hannun ya ƙi ajiyewa. Ya koya wa Turai, Turai ta fi shi, Bahijja kuma ta tashi ta tarar da fensir a gidan kamar yadda wasu yaran ke tarar da muciya. Kowace Juma'a bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma, su ajiye farin kwali ɗaya a tsakiya, su ukun su yi masa taron dangi. Shi ke fitar da layi, uwa da 'ya su sa kala. Ba su cika sayen fenti ba. Jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da shuni suke niƙawa, su tankaɗe, su kwaɓa da ruwan ƙaro. Maƙwabta na yi musu tsiya da gidan masu ɓata takarda, amma in an yi baƙi, su ne kan gaba wajen kawo su kallo.

Doka ɗaya gare su, ba sa zana abu mai rai. In kasuwa suka zana, sai rumfuna da buhuna da inuwa. Inda mutum zai tsaya sai a zagaye wurin a bar shi fari fat, takarda zalla. Turai ce ta raɗa wa wannan suna gurbi. Takan nuna da yatsa tana dariya, ta ce wannan gurbin mai tsire ne, wancan mai faɗin kuwa na Malam ne bayan ya ci tuwo.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta, a tsakiyar damina. Malam Isyaku bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya amsa wa kowa da "Haƙuri sai ma'abocinsa," ya ci abin da aka ba shi. Bayan an share makoki da wata guda, ya hau babur shi kaɗai ya tafi Zoza, garin su Turai, can ƙasar Rogo. A gonar mahaifinta akwai wata tsohuwar tsamiya wadda ta sha ba shi labarinta, a nan take zama tana ɓare gyaɗa tun tana yarinya. Ya isa wurin rana na gab da faɗuwa. Ya durƙusa tsakanin saiwoyin, ya haƙa da wuƙa, ya cika leda da jar ƙasa. Bai yi sallama ba, bai yi bisimilla ba. Ba raini ba ne, zuciyarsa ce babu komai a cikinta ranar.

Da wannan ƙasar suka zana tsamiyar, shi da Bahijja, Juma'a uku a jere. A gindin bishiyar ya zagaye gurbin mace a zaune, ta miƙe ƙafafu, ya bar shi fari. Ya kafa zanen a bangon baranda. Tun daga ranar, kullum rana ta yi ja sai ya jawo kujera ya zauna a gabansa, ya ce a hankali, "Turai, ga wurinki nan." Ya ɗauka ba mai jin sa.

Kwana uku aka yi ana jifan, kullum daidai kiran magariba. Aka zagaya bayan gida, babu yaro, babu sawu. A rana ta huɗu ba a yi jifa ba. Bahijja ce ta ajiye tsintsiya a tsakiyar shara, ta tako a hankali ta zauna a ƙasa dab da zanen, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya. Idonta a buɗe, amma ba ya kallon komai.

"Malam," ta ce, "ka ci abinci kuwa?"

Muryar Turai ce. Har da ɗan jan numfashin nan da take yi kafin tambaya.

A nan ne ni dai nake ganin laifinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Malam Isyaku ba jahili ba ne. Ya yi allo, ya yi littattafai, ya san wanda aka kai makwanci ba ya dawowa hira. Ya san abin da ke zaune a gabansa, ya kuma san jikin wa aka ara. Aka tayar da salla a masallaci, bai tashi ba. Sannan ya buɗe baki.

"Na ci."

Haka aka shiga yi. Da rana Bahijja na zaune a ɗaki kamar kayan wanki, in an ba ta ruwa ta kurɓa, in an ba ta tuwo ta kalle shi. Da magariba ta taso ta zauna a gindin zanen, muryar ta zo. Suna hirar abubuwa marasa nauyi: farashin gyaɗa, katangar da ta tsage, shunin da ya ƙare. Kafin isha'i muryar ta ɗauke, yarinyar ta zube, ya ɗauke ta ya kai ta gado. Kullum tana ƙara sauƙin ɗauka a hannunsa, kullum yana ce wa kansa gobe zai nemi malami. Maƙwabta kuwa murna suke an daina jifa.

Kwana goma sha tara aka yi a haka, kafin yayarsa Gwaggo Asma'u ta zo daga Kafin Dafga da ƙullin daddawa. Ta shiga ɗaki ta ga yarinyar, ta riƙe wuyan hannunta, yatsunta biyu suka zagaye shi har da saura. Ta jira magariba. Da muryar ta zo, ta ji da kunnenta, ta kuma ji ƙanenta yana amsawa.

"Isyaku," ta ce, bayan an kwantar da yarinyar, "tun yaushe?"

"An kwana biyu, Yaya."

"Kwana biyu ne suka cinye mata nama haka? Ka binne uwar, yanzu kuma kana haƙa wa 'yar?"

Washegari ko karyawa ba ta yi ba, ta hau mota ta koma ƙauye, ta dawo da Malam Uwais.

Malam Uwais ɗan ƙaramin tsoho ne, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ya yi shekaru yana yi wa masu irin wannan lalura karatu. Suka gaisa da maigidan, ya yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ya tambayi gida da gajiya. Sannan ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a faɗa masa komai. Malam Isyaku ya faɗa, tun daga wuƙar da ledar. Tsohon ya tashi ya tsaya gaban zanen, ya daɗe yana kallon farin wurin nan.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Allah ya sawwaƙe."

Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya yi alwala, ya fara karatu tun rana na saman katanga. Gwaggo Asma'u ta riƙe kafaɗun yarinyar. Inuwa ta cinye tsakar gidan kaɗan-kaɗan. Kaji suka yi tsit. Can jikin Bahijja ya fara rawa, ta juyar da kai wajen ubanta.

"Malam," in ji muryar Turai, tana kuka, "kana zaune za a kore ni daga gidana?"

"Kada ka amsa," in ji Malam Uwais, ya ci gaba da karatunsa, bai ɗaga murya ba, bai kuma sassauta ba.

Kukan ya yi ta siracewa har ya ƙare. Abin da ya fito bayansa wata murya ce busasshiya, ta tsohuwar da ta daɗe ba ta yi magana ba.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai tsamiya."

"Ina kika samu muryar baiwar Allah nan?"

"A ƙofata ta girma. Shekara nawa tana ɓare gyaɗa tana surutu a kaina. Ko kai ne da ka haddace."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Tambaye shi. Ya zo da almuru ya haƙe min bakin ƙofa, ko sallama babu. Ya kawo gida ya gina min ɗakina a takarda. Ya share wurin zama ya bari, kullum yana kira, ga wurinki nan, ga wurinki nan. Na yi jifa don ya dawo min da abina, bai kula ba. To, wurin babu kowa, mai wurin ba za ta zo ba. Sai na zauna. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

"Ba shi ruwan ya doka ba, yarinya ce. Me ta yi miki?"

"Takarda ba ta da baki. Ita kuwa hannunta ne ya shafa ƙasar."

Malam Uwais ya ce mata ta ji tsoron Allah ta fita, zalunci haramun ne a kan mutum da aljan. Ta ce a yanka mata baƙin bunsuru. Ya ce ba a yanka don kowa sai Allah, ko ɗan tsako ba za ta samu ba. Ya ɗauki karatu, ta yi ƙara, ta ce ya dakata.

"To a bar min Alhamis kaɗai. Daga magariba zuwa isha'i, sauran kwanakin na bar musu yarinyarsu. Ba don ni ba. Tambaye shi mana, shi ma yana so."

Malam Uwais ya juya ya dubi maigidan. Gwaggo Asma'u ma ta dube shi. Kuma abin kunyar, wanda duk wanda ke wurin ya gani, shi ne Malam Isyaku bai amsa nan take ba. Ya sunkuyar da kai. Ana jin ladan na gyaran murya a lasifika.

"Isyaku!" in ji yayarsa.

Ya ɗago ya kalli ƙafafun 'yarsa a kan tabarma, duk sun bushe sun yi furu-furu.

"Ba na so," ya ce. Muryarsa ba ta fita sosai ba, ya sake faɗa. "Ba na so."

Aljanar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To a mayar min da ƙasata. Duka. Shi ya ɗebo, shi zai wanke da hannunsa, shi zai kai."

"Wannan haƙƙinki ne," in ji Malam Uwais. "Za a mayar. Ke kuma ki yi alkawari da Wanda ya halicce ki ba za ki dawo ba."

Ta yi alkawarin. Aka kawo ƙwarya da ruwa. Malam Isyaku ya ciro zanen daga bango, ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya fara zuba ruwa yana shafawa da tafin hannu, kamar mai wanke allo. Rassan suka narke, saiwoyin suka bi su. Jan ruwa ya gangara ta kan farin gurbin ya rine shi, har ba a iya gane inda yake. Bai ji komai ba a lokacin, sai sanyin ruwan. Da kwalin ya zama tsumma a hannunsa, Bahijja ta yi atishawa sau uku, ta kife a jikin gwaggonta, barci ya ɗauke ta.

Da sassafe Malam Isyaku ya juye jan ruwan da ya taru cikin ƙwaryar a galan, ya ɗaure a bayan babur, ya kai Zoza. Ya yi sallama a gindin tsamiyar, ya zuba a ramin da ya haƙa, ya mayar da ƙasa ya rufe. Babu abin da ya motsa, ko ganye.

Da ya dawo da hantsi ya tarar da Bahijja zaune a bakin ƙofar ɗaki, an yi mata wanka, tana shan kunu da kanta. Ya tsuguna a gabanta.

"Sannu, Bahijja. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

"Kin tuna wani abu?"

Ya so ta ce a'a. Yawanci haka ake cewa. Ta juya cokali a cikin kofin, ta daɗe tana juyawa.

"Ina jin komai," ta ce. "Kamar ina cikin rijiya, ku kuna sama. Ina ta kiran ka." Babu fushi a muryarta, babu kuka, kamar mai ba da labarin wasu. "Ka tambaye ta ko ƙafarta ta daina ciwo. Ka tambaye ta inda ta ajiye allurar ɗinki. Kullum ina cewa yau zai ce ina Bahijja."

Malam Isyaku na nan tsugune a gabanta. Gwaggo Asma'u, da ke bakin murhu, ta juya musu baya ta ci gaba da hura wuta.

Bahijja ta shanye sauran kunun, ta miƙa wa gwaggonta kofin ta gefen kafaɗar ubanta.

"Gwaggo, a ƙara min."