Kujerar Hagu

"Ki ce musu ba ki shirya ba, Yayra. Shi ke nan fa..."

Yayra ta ɗago daga guga, ta dubi mutumin da ta shekara biyar tana kira masoyi. Dodzi na jingine da ƙofar gidan gwaggonta a unguwar Bè, yana wasa da makullin motar da uwarsa ta saya masa.

"Maimaita, ban ji ba."

"Haba zuciyata. Shekara biyu kacal. In na cika awannina sai mu hau tare."

Tare! Kalmar ma ba ta ji kunyar fitowa daga bakinsa ba.

Rana ɗaya suka shiga kamfanin jirgin sama, kowa da igiya uku a kafaɗa, kowa mataimakin matuƙi a kujerar dama. Dokar kamfani a fili take: ba mai komawa kujerar hagu ya zama kyaftin sai ya tara awa dubu uku a sama, ya kuma ci jarrabawa. Awa ba a sayenta a kasuwa. Yayra ta tara nata a hadarin Duwala da hazon Yamai, ta kwashi duk tafiyar da wasu suka guda. Dodzi kuwa da an ce damina ta kama sai ciwon baya ya tashi. Bikin abokai, baya ya warke. Da ƙyar ya haura rabi.

Yanzu an kira ta, ta ci jarrabawa, igiya ta huɗu na jiranta.

"Mamanka ta sani?"

Ya sosa ƙeya.

"Na dai gaya mata za a mayar da ke hagu, ni ina dama."

"Sai ta ce me?"

"Ta... tausaya miki."

Yayra ta kafe dutsen gugar a tsaye. A Lome ko yaron goye ya san hagu hannun ƙazanta ne. Ba a gaisuwa da shi, ba a miƙa kuɗi, ba a nuna gidan uba. Mama Massan, uwar Dodzi, mai rumfunan atamfa a kasuwar Assigamé, ta ji an ce hagu, ta ɗauka an rage wa yarinya matsayi. Ɗanta ya ga ta fahimta a karkace, ya bar ta a haka, don daɗin da ƙaryar ta yi masa.

"Ran Lahadi za ku zo ƙwanƙwasa ƙofar neman aurena," in ji ta a hankali. "Ka gaya mata gaskiya da bakinka. In ka yi, komai na iya gyaruwa."

"Zan yi, rabin raina. Na rantse."

Ran Lahadi suka zo da motoci, da kwalaben abin sha na al'ada, da turamen atamfa a kan 'yan mata. Mama Massan ta shigo zinariya har gwiwar hannu, ta dubi tandun da Tasi Kafui, gwaggon da ta raini Yayra, take ƙyafe kifi, ta toshe hanci da hankici. Kifin nan dai shi ya biya rabin kuɗin makarantar tuƙi.

Aka ba baƙi ruwa. Tun dattawa ba su faɗi abin da ya kawo su ba, ta karɓe zancen.

"'Yata, matso. Mun ji abin da ya same ki a wurin aiki."

"Me ya same ni, Mama?"

"Kar ki ji kunya, cikin gida muke. An tura ki hagu, ko ba haka ba? Dama na faɗa, jirgi ba tukunyar miya ba ne." Ta juya ga matan da ta zo da su. "Wata uwar da tuni ta janye ɗanta. Ni kuwa na ce a rufa mata asiri. Ta ajiye kakin nan ta zo rumfa ta riƙa auna yadi. Ɗana na hannun dama, shi zai ci da ita."

Matan suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Yayra ba ta kalle su ba. Shi take kallo.

"Dodzi, gaya wa Mama wanda ke zama a hagu."

Ya dubi takalminsa. Takalmi mai kyau ne kam, ya cancanci kallo.

"Masoyi... kai nake jira."

"Yayra, ba nan ne wurin ba," ya ce can ƙasan maƙoshi. "Mama ai don alherinki take faɗa."

Nan wani abu ya mutu a ƙirjinta, ko shure-shure bai yi ba. Ta tuna ranar da suka fara tashi su kaɗai a makaranta, ya ƙanƙame hannunta, ta ce masa kar ya ji tsoro. Ashe tun ranar take ɗauke da shi.

Ta zare zoben da ya sa mata a bakin teku. Ta mayar da hannun dama bayanta, a gaban dattawa, ta miƙa wa Mama Massan zoben da hagu.

Mama Massan ta zabura.

"Ni? Ni kike miƙa wa abu da hagu?"

"Can kuka ajiye ni, Mama. Daga can zan miƙo."

Tasi Kafui ta tashi, ta buɗe ƙofar gida har bango, ta tsaya riƙe da ita sai da turmin atamfa na ƙarshe ya fita.

Yayra ta yi kuka, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Ta yi shi a ɗaki, ta wanke fuska, ta tafi aiki.

Har yau Mama Massan na zaune a Assigamé tana gaya wa masu sayen atamfa wai an kori yarinyar daga dama saboda rashin tarbiyya. Ƙarya take yi. Mai shakka ya je filin jirgi ya leƙa tagar gaba.

Da damina ta dawo, wata safiya aka haɗa su tafiyar Duwala. Wannan karon bayan bai yi ciwo ba, don an fara yi masa maganar awanninsa a ofis. Ya shigo ɗakin tuƙi ya same ta zaune, igiya huɗu a kafaɗa, tana duba rahoton hadari.

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yayra, zuciyata... in za ki saurare ni..."

"Kyaftin," ta gyara masa, idonta na kan takarda.

Ya gyara tsayuwa.

"Kyaftin."

Ta nuna masa kujerar da haɓa.

"Zauna a damarka, ɗan Mama. Ka ɗaura bel da kyau, akwai hadari a gaba."