Baƙuwar Ɗaki Na Goma Sha Biyu

Damina ce, lokacin da tekun Kribi ke komawa kalar toka, manyan otal-otal su rufe rabin ɗakunansu saboda ƙarancin baƙi. Ranar Litinin da hantsi aka buga wa Sufeto Bilong waya daga otal ɗin Kwakwa Bakwai. An tsinci gawar wata tsohuwa a ɗaki na goma sha biyu, wanda ya fi kowanne tsada, alhali rabon da a sauki baƙo a cikinsa tun watan Yuni.

Manajan otal ɗin, Musyu Atangana, bai fi wata huɗu da zuwa daga Yawunde ba. Shi ya tari Sufeto a ƙofa yana sharce zufa.

"Yallabai, don Allah a yi abin nan shiru. Sunan otal ne."

"Wace ce matar?"

"Wa ya sani? Ba ta cikin rajista. Makullin benen yana hannun Clarisse mai gyaran ɗaki. Ita za ku kama."

"Ni zan faɗi wanda za a kama."

A barandar ɗakin suka sami tsohuwar, zaune kan kujerar kaba tana fuskantar teku, kamar mai jiran dawowar jirgin masunta. Rigarta sabuwa ce fil, ko karin ninkin shago bai fita ba. Wani ya lulluɓe mata ƙafafu da farin bargon otal.

Bilong ya ɗaga hannunta. Baƙi ne, duk ya tsattsage, kuma turaren da aka fesa mata bai iya danne ƙaurin hayaƙi ba. Hannun mai ƙyafe kifi ne.

An share teburin da ke gabanta tas, amma wurin zaman mutum biyu aka shirya. Kujera ta biyu tana nan da ledar da ake rufe ta da ita saboda damina, ba wanda ya taɓa ta. A bayan kujerar tsohuwar, ta hagu, inda gishirin iska ya kwanta a ƙasa, akwai sawun takalmi biyu a jere, dunduniya manne da dunduniya.

Likitan 'yan sanda ya miƙe yana cire safar hannu. "Zuciya ce. Jiya da azahar. Kuma ba nan take ta cika ba. Da an kira likita cikin rabin awa, wataƙila da yanzu tana magana."

Clarisse ba ta fi shekara talatin ba. Ta zauna gaban Bilong tana murza bakin rigar aikinta. Ya miƙa mata hoton gawar.

"Kin san ta?"

"Ban taɓa ganinta ba, Oga."

"Ko kallon hoton ba ki yi ba."

"To na kalla. Ban san ta ba."

"Makulli fa?"

"A aljihuna ya kwana."

"Ta taga ta shigo ke nan? Hawa na uku?"

Ta ci gaba da murza bakin rigarta.

"'Yata, in ba ki yi magana ba, a ofishinmu za ki kwana, aikin nan kuma kin rasa shi."

"Sai in kwana," in ji ta, hawaye na zuba.

Ya sa kurtu ya kai ta mota. Ransa bai so ba.

A jakar tsohuwar babu katin shaida. Akwai carbin coci, da goro ɗaci guda biyu, da wata takarda da ta tsufa har ta yi ja, an manne ninkinta da salatif. Takardar otal ɗin ce, ta zamanin da lambar wayarsa ba ta da tsawo. An yi rubutu da fensir, an sha gogewa ana sakewa:

Ƙarfe sha biyu, isowa, a ba Madam ruwan kwakwa mai sanyi. Ƙarfe ɗaya, jatan lande, sannan kifi da miyar man shanu da lemun tsami. Ƙarfe uku, hutawa. Ƙarfe biyar, tafiya a bakin ruwa, babu takalmi.

Ya nufi kicin da takardar. Tchinda mai dafa abinci, ƙato mai fara'a, yana fasa kaguwa.

"Oga! In cin hanci ka zo karɓa, kaguwa kawai gare ni."

"Kana yin kifi da miyar man shanu da lemun tsami?"

"Tab! An cire wannan daga jerin abincinmu shekara ashirin da suka wuce. Abincin tsofaffin Turawa."

"Amma ka iya."

"Ni? Ina! Shekarata tara kacal a nan."

Bilong ya buɗe firji. Wata 'yar tukunya na can ciki da ragowar miya ruwan ɗorawa. Ya lakata ya ɗanɗana.

Fara'ar Tchinda ta ɗauke.

"Wa ya koya maka? Wa ya haura shekara ashirin a gidan nan?"

Tchinda ya ajiye wuƙa. "Mutum ɗaya ne. Baba Malonga, shugaban masu kai abinci. Amma Oga, shekararsa talatin da ɗaya bai taɓa fashin kwana guda ba. Ko yau yana can."

A ɗakin cin abinci babu kowa sai wani dattijo siriri cikin farar kwat, yana goge kofunan da suka riga suka bushe. Bilong ya ja kujera ya zauna. Kafin ya ɗaga kai dattijon ya iso bayansa ta hagu, ya haɗe dunduniya, tawul a hannu.

"Zauna, Baba."

"Na gode, ranka ya daɗe. Nan ma ya yi."

"Ka san matar da ke sama?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Shi ke nan. Bari in gaya maka yadda za a yi. Za mu kai ta ɗakin ajiye gawa, a ɗaura mata lamba a yatsa. In wa'adi ya cika ba wanda ya zo, ma'aikatan gari su haƙa rami su sa ta, babu suna, babu limamin coci, babu waƙa. Clarisse kuma tana mota yanzu haka, ita za ta amsa tambaya a kotu."

Dattijon ya dubi kofin da ke hannunsa. Ya ajiye shi a hankali, daidai inda ya kamata.

"Odile sunanta. Shekara talatin da takwas muna tare."

Bilong bai juya ba. Ya bar shi yana magana daga baya.

"Shekarar da na fara aiki na rubuta takardar nan. Ni nake shirya wa manya hutunsu, na san ɗakin da rana ke faɗuwa a gabansa, na san ranar da jatan lande ya fi daɗi. Na ce wata rana sai namu. Duk Kirsimeti sai ta ce, 'Musyu, an ɗage hutun namu kuma?' Ta yi dariya. Bana likita ya ce zuciyarta ta gaji. Na roƙi Clarisse makulli, Tchinda ya dafa. Ba su da laifi, uwa suka ɗauke ta."

"Ka ci tare da ita?"

"Ta ce, 'Anatole, zauna mana, yau kai ma baƙo ne.' Sau uku tana faɗa. Ƙafata ta ƙi. Ban taɓa zama a gidan nan ba. Ta ce to, tsoho mai taurin kai, zuba mini. Ta ci kifin, ta ce gishiri bai ji ba, nata ya fi."

"Sannan?"

"Sai ta dafe ƙirji. Na sauko a guje in buga wa likita. Ina isowa nan, Manaja ya ƙyasta mini yatsa, wai mutum takwas sun iso daga tashar jirgin ruwa, teburi na huɗu. Na buɗe baki in ce matata na sama tana mutuwa. Wallahi sai na ji bakina ya ce, 'To, ranka ya daɗe.'"

Can waje teku na ta bugun yashi.

"Na ce minti biyar ne, in zuba musu ruwa in zame. Suka nemi giya. Suka nemi kifi. Ɗaya ya ce a sake masa cokali. Da na koma sama..." Ya gyara tawul ɗin da ke hannunsa. "Na rufe mata ƙafa, ba ta son sanyi. Na kwashe kwanuka. Ban san abin da ake yi bayan wannan ba, shi ya sa na tafi gida, da safe na zo aiki."

Bilong ya daɗe yana kallon farin ƙyallen teburin. A shekarunsa na aiki ya kama masu kisa da adda, bai ji nauyin da ya ji yau ba.

"Baba, dole ka bi ni. Ɓoye mutuwa da ƙin kawo agaji, alƙali ne zai duba."

"Na sani. A saki yarinyar."

Aka saki Clarisse. Ta durƙusa gaban dattijon tana kuka, ya dafa kanta. Tchinda ya fito ƙofar kicin da hularsa a hannu. Bilong ya hana kurtu fito da ankwa.

A cikin mota ya cike takardar gawa, dattijon na faɗa masa suna harafi bayan harafi. Da suka hau titi ya tambaye shi, "Kuna da 'ya'ya?"

"Mace ɗaya, a Duwala. Ita ta aiko da rigar."

Bilong ya karɓi lambar, ya danna, ya miƙa masa wayar. Ta yi ƙara sau biyu. Muryar ta fito da ƙarfi har direba ya ji.

"Alo? Papa, kai ne? Tun jiya nake jira! To faɗa mini, yaya hutun? Mama ta ji daɗi?"