Turaren Hannun Dama

Ranar da ya fara ganinta, tana durƙushe a gonar masarar mahaifinta tana ƙirga tsutsa. Shi kuwa daga ɗakin gwaji yake, da 'yar kwalba a aljihu. Ya yi mata bayani cewa ƙamshin macen ƙwaron da ke haifar tsutsar ne ya haɗa. A ɗiga a tarko, mazan su afka ciki, haihuwa ta tsaya ba tare da feshi ba.

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta raɗa masa suna Mai Turare. Ya rama da Mai Ƙirga, kuma tun daga ranar ƙafarsa ba ta huta da hanyar gonar ba.

Baba, mahaifinta, fa bai ga abin burgewa ba, ga mai shagon maganin feshi yana ta zaryar neman aurenta. Ya ce ba zai ba mai shafa wa ƙwari turare 'yarsa ba, sai dai ya ware masa layi ashirin na masara. In sun tsira babu feshi, a yi magana.

Sati biyu tarkuna wayam. Mai shago ya samu na yi, har ya tsegunta wa Mai Turare wai yarinyar ta haƙura da shi. Bawan Allah ya yi zuciya, ya daina ɗaukar waya.

Sai saƙonta ya shigo:

"Mai Turarena, fushi nake da kai. Amma jiya da yamma na zauna gaban tarkon. Ƙwarin suna zuwa har baki, sai su juya. Wani abu ne ke korar su. Tashi ka duba."

Nan take ya gane. Sinadarin nan iri biyu ne, kamar takalmin dama da na hagu. Na dama ke kiran su, na hagu kuwa ko kaɗan ya gauraya sai ya kore su. Kwana tara yana sake haɗi yana tacewa, har na dama ya fito zalla. Sai ya rubuta mata:

"Idonki ya fi na'urata, Mai Ƙirgata. Ki yafe min. Gobe ina tafe."

Da la'asar sakaliya ya durƙusa gaida Baba a bakin gona, ashe ɗigon turaren ya taɓa hannun rigarsa. Kafin gaisuwa ta ƙare, ƙwari sun lulluɓe hannun rigar. Baba ya daɗe yana kallo. Ita kuwa tana gefe, alfahari kamar ya fasa mata ƙirji.

Layi ashirin suka tsira, aka sa rana.

Ranar ɗaurin aure, duk wankin da ango ya sha, sai ga ƙwari biyu a kafaɗarsa. Abokinsa ya kai hannu zai kakkaɓe, Baba ya riƙe shi.

"Bar su, shaidu ne. Surukina ya haɗa, 'yata ta gano. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana."