Abin da Dogo Ya Haɗiye a Kan Dandamali

Auta na tsugune a tsakar gida tana goge fenti daga yatsunta, don ita da ƙawayenta ne ke zanen bangon filin bikin hip hop na bana, sai ta jiyo muryar Yaya daga falo yana ba Abba rahoto.

"Abba, na je na gani da idona. Gidan nan ba gidan kai 'ya ba ne! Ubansa na da taɓin hankali, a ɗakin baya suke ajiye shi. Ga shi kuma yaron mawaƙi!"

Mawaƙi! To shi Yayan mene ne, limami? Shekara nawa yana hana su sakat da rap a gidan nan? In ɗan gida ya yi, Abba ya ce ƙuruciya ce. In Dogo mai gyaran waya ya yi, don kawai yana neman aurenta, ya zama ɗan iska. Kuma kowa ya san bara Dogo ne ya kayar da Yaya a gasar bikin, amma a rasa wanda za a aika binciken asalinsa sai shi. Ai an ba kura ajiyar nama.

Ta faɗa falon ko sallama babu.

"Abba, wallahi haushin bara ne! Ciwo laifi ne? Wa ya fi ƙarfinsa?"

"Ke! Da ke ake magana?" in ji Yaya.

Abba ya ɗaga hannu. "Ya isa. A jingine maganar auren nan tukuna."

Ta fita da kuka. Umma ta bi ta ɗaki tana ba ta haƙuri, ita kuwa a lokacin ko kalmar ba ta son ji.

Washegari ta biya shagon Dogo. Yana kan wata waya da ta sha ruwa, bai ko ɗago ba ya ce, "Mama ce da kanta ta shigar da Yayanki har wurin Baba. Ta ce wanda za a haɗa jini da shi ba a ɓoye masa komai. Har kuka ta yi a gabansa."

"Shi ne ya kwaso ya zo ya juye wa Abba!"

"Aikin da aka aike shi ke nan, Auta. Mu yi haƙuri."

Ranar biki filin ya cika maƙil tun da hantsi. Masu rawa na juyi a kan kawunansu, diji na ta murza kiɗa, 'yan mata na ɗaukar hoto a jikin zanen su Auta. Da la'asar aka kira fainal na gasar fito-na-fito, inda mutum biyu ke tsayawa fuska da fuska, kowa ya yi wa ɗan'uwansa wankin babban bargo a cikin baiti. A zagi takalminka, a zagi hancinka, a sauka a sha hannu. Ƙaddara kuma ta sake haɗa Yaya da Dogo.

Yaya ne ya fara. Ya taɓa tsayin Dogo, ya taɓa shagonsa, aka yi dariya. Sai ya matso har numfashinsu na haɗuwa, ya ɗaga murya:

"Kana ta kurin kai ne gwani a gari,
Je ka kwance babanka daga mari!"

Filin ya ɗauki ihu. Auta ta dafe kai. Hawayen tsohuwar da ta buɗe masa ƙofar ɗakin mijinta, shi ya mayar abin tafi! Har da ƙarin ƙarya, don ko zare ba a taɓa ɗaura wa dattijon nan ba.

Amma ta san Dogo ma yana da nasa makamin. Ita da bakinta ta taɓa faɗa masa, tana kuka, cewa an kori Yaya daga jami'a saboda satar jarrabawa, kullum sai ya rataya jaka ya fita kamar mai zuwa lacca, Abba kuma bai sani ba. Baiti ɗaya ya isa ya gama da shi.

Ta kutsa gaban dandamali. "Faɗa, Dogo! Tona masa! Don Allah, ka tona masa!"

Dogo ya karɓi makirfo. Kiɗa ya zagayo, bai ce komai ba. Ya sake zagayowa. Sannan ya yi wa diji alama ya tsaya.

"Babana ba shi da lafiya, gaskiya ne. Ni nake yi masa wanka, gobe ma in Allah Ya kai mu ni zan yi. Ina da amsa, amma na bar ta."

Ya miƙa makirfo ya sauka. Aka bi shi da "Wooo! Matsoraci!" Aka ɗaga Yaya sama da kofi.

A bayan dandamali Auta ta tare shi, idonta jawur.

"Ka tsaya ya taka mahaifinka a gaban duniya! Wane irin sanyi ne wannan?"

"Kin zaci bai yi min zafi ba?" Sai a lokacin ta ga shi ma hawaye yake yi. "Abin da kika faɗa min kina kuka ba na waƙa ba ne. Kuma Abba na da hawan jini. In na faɗa, shi zai faɗi, ba Yaya ba."

Duk da haka haushin bai sake ta ba.

Bidiyon gasar bai kwana biyu ba maƙwabtan shagon Abba suka nuna masa. Ya dawo gida da rana tsaka, ya aika a kira Dogo, ya sa Yaya ya zauna a ƙasa. Auta ta maƙale a bayan labule.

"Ni na aike ka," in ji Abba. "Da sunana ka shiga gidan mutane, da sunana matar nan ta buɗe maka cikinta. Ashe kayan waƙa ka je nema! Yau da wane ido zan dubi baiwar Allahn nan?"

"Abba, wasan ne haka, kowa ma yana—"

"Rufe min baki! Shi Dogon ba wasan yake yi ba?"

Ya juya ga Dogo. "Yaro, na ji ka ce kana da amsa. Me ka sani game da ɗana?"

Yaya ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa.

Dogo ya gyara durƙuso. "Abba, a yi min afuwa. Abin da ban faɗa ba lokacin da ake yi min ihu, ba zan faɗe shi don a ba ni mata ba."

Can sai Yaya ya fashe da kuka. "Abba, ni zan faɗa da bakina..."

Abba ya katse shi. "Naka zai jira sai mun dawo. Tashi ka sa takalmi, gidansu za mu yanzu, ka durƙusa a gaban uwarsa da ubansa." Ya juya ga Dogo. "Wanda ya rufa wa ɗana asiri yana cikin zaginsa, ba zai tona na 'yata ba. Ka turo manyanka."

Auta ta toshe baki da mayafi, ta zame ta zauna a bayan labulen tana kukan daɗi.

Ba a rana ɗaya ta yafe wa Yaya ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Sai dai ta koyi abin da ya kamata kowane matashi ya riƙe: sirrin da aka ba ka amana ne, ko da zai ci maka gasa. Iya magana baiwa ce, amma iya haɗiye ta lokacin da zuciya ke tafasa shi ne mutunci. Da Dogo ya bi ihunta a ranar nan, da ya koma gida da kofi, ita kuma da ya rasa ta har abada.