Dariyar da ke Ƙarshen Bidiyon

Tun ranar da bidiyon ya fita Baba ya daina magana a gida. In ya dawo daga shagon ɗinki sai ya amsa gaisuwa da ka, ya shige ɗaki. Auta takan ajiye masa abinci ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta jin komai sai ƙarar cokali.

Bidiyon gajere ne. Gola ne a ciki, mai tsaron ragar wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa, wanda an riga an sa ranar aurensa da Auta. Yana zaune a motarsa bayan wasa, yana kwaikwayon alƙalin da ya ba shi jan kati. Alƙalin mai in'ina ne. "Fi-fi-fita," in ji Gola, yana murguɗa baki. Abokin wasansa da ke kujerar baya ya ɗauka ya tura wa mutum ɗaya, mutum ɗayan ya tura wa duniya. Kulob ya dakatar da Gola.

A ƙarshen bidiyon akwai dariyar mace, fuskarta ba ta fito ba. Jama'a ba su san mai ita ba. Amma Baba, wanda shi ma da in'ina ya tashi, ya san dariyar 'yarsa tun tana goye.

— A fasa kawai, in ji Yaya, babbar 'yar gidan, tana ninke kaya. Wanda ya yi wa uban wani, namu ma zai yi wa.

— Yaya, ai kuskure ne…

— Naki ko nasa? Ke da kika yi dariya har da shiɗewa.

Auta ta kira Gola a waya.

— Bebi, a motata ce fa, ya ce. Maganar sirri. Wanda ya ɗauka shi ne munafuki. Yanzu mutum ba shi da 'yancin wasa a motarsa?

— Yana da shi. Ni ma ina da 'yancin dariya. Zo gidanmu ka ga inda ya kai mu.

Dariyar ta riƙa bin ta. Ta jiyo ta ta katangar maƙwabta, ta jiyo ta a shagon cajin waya. Ko famfo ta buɗe sai ta ji kamar ita ce a cikin ruwan. Ta tuna tun tana ƙarama ita ke ƙarasa wa Baba magana a gaban kwastoma, tana ganin taimako ne, shi kuwa sai dai ya shafa kanta.

Gola ya je gidan alƙalin ya ba shi haƙuri, ba kyamara. Daga nan ya fara zuwa shagon Baba kullum, ya zauna a benci. Baba bai taɓa ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Haka har kakar wasa ta ƙare babu Gola a raga.

Wata rana da azahar Auta ta kawo abinci, sai keken ya tsaya.

— Ka-ka-ka…

Kalmar ta maƙale. Jijiyar wuyan Baba ta miƙe. Auta ta buɗe baki za ta ƙarasa masa, sai ta rufe. Gola bai sunkuyar da kai ba, bai kalli titi ba. Ya zuba masa ido yana jira, kamar yadda yake jiran bugun fenariti a raga.

— Ka-kai ba ka ji mini ciwo ba. Na saba. Baba ya juya wajen Auta. I-ita ce.

Auta ta durƙusa tsakanin ƙyallaye, hawaye na ɗiga a kan kwanon.

— Baba, ka yafe mini.

— Yau da-dai kin bari na gama da kaina.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya nuna Gola.

— Ta-tashi. Ba zan ba da 'yata ga mai rigar kanti ba.

An yi auren. Bidiyon kuwa yana nan, ba mai iya goge shi, kuma har yau Auta kan yi shiru in ta ji wata ta ƙyalƙyale da dariya a bayanta. Ta gane cewa rufe gilashin mota ba ya wanke magana, kuma wanda ya yi dariya ya sa hannu a cin mutuncin. Haƙurin da ya gyara musu komai bai wuce wannan ba: su jira mutum ya gama maganarsa.