Allurar Da Ba Ta Son Firji

Da hantsi aka kira Sufeto cibiyar binciken magunguna, wai an yi sata. Ya tafi yana tsaki, don a ganinsa masu farar rigar nan ko cokali suka ɓatar sai sun tara wa mutane jama'a.

Dakta mai jagorantar gwajin ce ta tare shi, idanunta jawur. Ta kai shi ɗakin gwaji, ɗaki mai zafi kamar gidan burodi, ta nuna masa kantar ajiya wayam. Kwalaben sabuwar allurar rigakafi ne suka yi ƙafa, ta zazzaɓin nan da ke kwashe yara duk damina.

Ta yi masa bayani a gurguje. Allurar DNA ce, ba ƙwayar cuta ake zuba wa mutum ba, ɗan saƙo ake ba jiki ya koyi gane cutar tun kafin ta zo. Da gangan aka bar kwalaben cikin zafi wata da watanni, don a tabbatar za su kai ƙauyen da babu wuta ba tare da firji ba. Saura ƙiris gwajin ya cika. In ya rushe sai a koma farko, yara su sake wata daminar ba kariya.

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya tambaya ko wani abu ya ɓace ban da kwalaben. Ta ce kula ɗaya, da ƙanƙara daga firjin ɗakin kusa.

"Mutanenki sun san allurar ba ta buƙatar sanyi?"

"Kullum maganar ke nan, Yallaɓai."

Ke nan ɓarawon yana da makulli, amma ba ɗan ɗakin ba ne.

Mai gadi ya rantse har da dafa ƙirji bai ga kowa ba ranar hutu. Sufeto ya ce wa Sajen da suka zo tare ya buɗe wa mai gadin bayan mota. Nan take mantuwa ta sake shi: ai kuwa Farfesa ya shigo, ya fita da kula, ya ce ya kama bakinsa.

Farfesa shi ne shugaban sashen tsofaffin allurai, mutum mai tumbi da ji da kai. Ba taron da zai tashi bai kira allurar Dakta ruwan famfo ba. Ya karɓi Sufeto a falonsa, ko kujera bai nuna masa ba.

"Me ka ɗauko a kula, Farfesa?"

"Lemo. Ko shi ma laifi ne?"

"Daga ɗakin gwaji?"

"Ka san da wa kake magana kuwa?"

Sufeto ya sani sarai. Ya miƙa masa takardar izinin bincike ya wuce kicin. A firji, bayan tukunyar miya, ga kwalaben nan an jera su tsaf.

Sai ga babban mutum ya zube a kujera. Wai ya daɗe yana bin sakamakon a ɓoye, ya san allurar tana aiki. Bara zazzaɓin ya kusa ɗauke masa jika, shi ne ya ce bari ya yi wa jikokinsa tun da wuri. Firjin kuwa, shekara da shekaru yana aikin nan, hannunsa ba ya iya barin allura a zafi.

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa, abin ya ba shi ƙyama.

"Wato ga 'ya'yan mutane ruwan famfo ce, ga jikokinka magani."

Ana sa masa ankwa Dakta ta iso. Saje ya tare ta da murna, wai ko ɗaya ba ta fashe ba. Ta ɗauki kwalba guda, sanyinta ya ratsa mata tafin hannu. Ta mayar a hankali, ta juya ga Farfesa.

"Gwajin ya rushe, Farfesa. Bana ba yaron da zai samu, har da naka."

Saje ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.