Gyaran Ba Nata Ba Ne

Ƙarfen narka dalma ya ɗana mata a yatsa daidai lokacin da Dogo, saurayinta, ya ajiye takardar a kan teburin aikinta.

Ko "wash" ba ta ce ba. Ta karanta kawai.

Kamfanin yayansa ne ke gargaɗin duk mai haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai irin tasu ya daina, wai sun yi mata rajista. Na'urar da ita ta ƙirƙira don kajin Ummanta, ta kuma zuba zanen kyauta a intanet!

"Injiniyata..."

"Littafin zane-zanena da ka ara, Yayanka ka kai wa?"

"Don gobenmu na yi, zuciyata. Mama kullum cewa take macen da ke rabar da basirarta kyauta, wata rana kujerun gida za ta rabar. So nake su girmama ki."

Shekara biyu ke nan tana jin zancen kujerun nan. Wallahi ta gaji, gajiyar da ko kuka ba ta bari a yi.

Ya sosa ƙeya.

"Sai dai akwai matsala. Waɗanda Yaya ya ƙera... dafa ƙwan suke yi. Masu saye sun fara dawo da su."

Dariya ta kusa kuɓuce mata. Ai zanen littafin shi ne na farko, mai kuskure. Ta sa ma'aunin zafi nesa da fitila. Wani tsohon mai gyaran rediyo ne ya gano hakan a zauren intanet da suke musayar zane, wata bazawara mai kiwon kaji ta gwada sau huɗu da ƙwanta har ya daidaita. Gyararren zanen ne yanzu a intanet.

"Ki ba Yaya gyaran, shi kaɗai. Ki sauke zanen daga intanet. Ya yi alkawarin da kansa zai shawo kan Mama a sa mana rana."

"Gyaran ba nawa ba ne."

"To na wa?"

"Na mutanen da kuka aika wa wannan takardar."

"Haba, masoyiya! Mutanen da ko fuskarsu ba ki taɓa gani ba?"

"Ƙwai tamanin matar nan ta yi asara don ta taimake ni. Kai littafi ɗaya na ba ka amana."

Tana sonsa, wannan kam ba ƙarya. Shi ya sa ta ɗora hannun a kan takardar, yatsan ya tashi ya yi ruwa, ta jira. Da can ko waya ce ta karce ta sai ya rikice. In ya gani yanzu, wataƙila da sauran magana.

Ya dubi hannun, ya zare takardar daga ƙarƙashinsa a hankali don kada ta yamutse.

"To me zan ce wa Yaya?"

Ta cire zoben da ya ba ta, da ƙyar ya wuce ƙunar, ta ɗora masa a kan takardar.

"Ka ce gyaran yana inda kowa ke gani. Kyauta ne."

Bayan ya fita ne ta nemi ruwan sanyi.